Ruwan da Mai Turmi Ta Kawo

Tun tana yarinya kowa a gidansu ya san ta da tsoro. In akuya ta yi atishawa a bayanta sai ta saki abin da ke hannunta. In hadari ya taso, ita ce ta farko a ƙarƙashin gado. Innarta kan ce, "Ke kam ko inuwarki ce ta riga ki shiga ɗaki sai kin yi salati." Yayanta kuwa, wanda ya ba ta shekaru da dama, ba shi da abin wasa sai ita. Ya jefa mata igiya a ƙafa ya ce maciji, ya koma gefe yana riƙe ciki don dariya.

Mahaifinsu manomin shinkafa ne. Da ya rasu ya bar musu gona a bakin wani rafi, da gida a gefen gonar. Yaya ya riƙe noma, ita kuma ta riƙe karatu, ba don komai ba sai don ta tsani daka. Ta sha gaya wa Inna cewa ranar da ta gama makaranta ita da turmi sai dai kallo daga nesa. Allah ya taimake ta ta gama makarantar koyon aikin ɗakin gwaji, ta kuma samu aiki a wata cibiyar binciken amfanin gona a birni. Ranar da ta fara aiki, abin da aka fara miƙa mata shi ne ɗan farin turmi na tangaran da 'yar taɓaryarsa. Da ta ba abokan aikinta labari suka yi ta dariya har da hawaye, suka ce an gudu ba a tsira ba. Daga ranar sunanta ya ɓace, ta zama Mai Turmi.

Aikin nata ba mai wuyar bayani ba ne. Akwai wani ɗaki marar taga, cike da fitilu, inda ake tsirar da shinkafa a cikin faranti-faranti. Wasu tsiran ana ba su ruwa mai tsabta, wasu ruwan gishiri, wasu a bar su da ƙishirwa, wasu a sa su cikin sanyi, wasu kuma a ɗiga musu dafin ƙarfe da gangan. In sun kai tsawon ɗan yatsa sai ta yanko ganyen, ta daka a turminta a kan ƙanƙara, ta tace, ta sa a injin da ke juyawa har ruwan ganyen ya rabu da dusarsa. A cikin ruwan nan akwai wasu sinadarai da ake kira enzayim, waɗanda tsiro ke ƙara yawansu in yana cikin wahala, kamar yadda numfashin mutum ke ƙaruwa in ana bin sa da gudu. Ta ɗiga wani magani a kai, ruwan ya fara sauya launi. Na tsiron da ke cikin jin daɗi kan tsaya kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Na wanda ke shan wuya kuwa sai ya rine ya yi duhu. Akwai na'urar da ke auna duhun, ta fitar da lamba.

Tsoron nata bai bar ta ba a wurin aiki. Injin juyin nan in ya ɗau ƙara sai ta ja da baya ta tsaya kusa da ƙofa. Ba ta taɓa buɗe kwalba ba safar hannu, ba ta rufe firji ba ta dawo ta sake taɓawa ba. Farfesa, shugaban ɗakin gwajin, dattijo ne mai magana a hankali wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, kuma yana son aikinta saboda hakan. Yakan ce, "Ku bar ta da tsoronta. Ni masu ƙarfin hali ne suka ƙarar min da kwalabe."

Mijinta direban babbar mota ne, in ya tafi sai an gan shi. 'Yarsu guda ɗaya ce, kuma da yake babu mai kula da ita a birni, tun tana tatata aka kai ta wurin Inna. Yarinyar ta shaƙu da tsohuwar har kowa ke ce mata 'Yar Kaka. Mai Turmi kan je ganinta duk lokacin da ta samu hutu, ta dawo da kewa cike da ƙirji.

Wata rana Farfesa ya ce yana so a ƙara faranti ɗaya a gwajin, a shayar da shi da ruwan da manoma ke ban ruwa da shi, ba na famfo ba. Ya tambaya ko akwai mai gona a kusa. Mai Turmi ta ce ai ita 'yar bakin rafi ce, kuma dama za ta je gida ƙarshen mako.

Ta samu 'Yar Kaka ba yadda ta saba ba. Yarinyar da ke tarar ta da gudu tun daga bakin hanya, ranar tana kwance a tabarma, ta rame, ga saurin kuka. An zuba mata abinci ta ture. Inna ta ce, "Ciwon ciki ne ke damunta kwanan nan. Tsutsa ce, na karɓo mata magani. Yaran unguwar nan duk haka suke fama." Mai Turmi ta so ta tayar da hankali, sai ta tuna yadda ake mata dariya, ta haɗiye. Da ta je rafi cika jarka ta ji wani wari mai kama maƙogwaro yana biyo iska daga sama. Yaya yana gyaran kunya a gona, ta tambaye shi. Ya ce wasu mutane ne suka kafa rumfa a bayan gada, suna fasa tsofaffin baturan mota suna narka abin ciki. "Sun ɗebi samarinmu aiki, an huta da zaman banza," in ji shi. Ta ɗauki jarkarta ta koma birni.

Tsiran suka fito, suka kai lokacin yanka. Da hantsi ta jera 'yan kwalabenta a kan tebur ta fara ɗiga magani ɗaya bayan ɗaya. Na ruwa mai tsabta ya ba da launinsa na kullum. Na gishiri ya fi shi duhu, haka ma na ƙishirwa. Na dafin ƙarfe ya rine sosai, dama an san za a yi haka. Ta zo kan na ruwan gidansu ta ɗiga. Kafin ta ajiye abin ɗigawar ya yi duhu, ya kamo na dafin, har ya so ya wuce shi.

Abin da ya fara zo mata shi ne ta yi kuskure, ta haɗa kwalabe, ta lalata aikin mutane. Ta leƙa ko wani ya gani. Kowa na harkar gabansa. Ta koma ɗakin fitilu ta yanko sabon ganye daga farantin, ta wanke turmi fes, ta sake komai daga farko tana karanta kowace alama a bayyane kamar 'yar makaranta. Ruwan ya sake rinewa.

Sai ta tumɓuke tsiro ɗaya daga farantin ta duba saiwarsa. Saiwar shinkafa mai lafiya fara ce, doguwa, mai gashi-gashi. Wannan guntuwa ce, ta dunƙule, bakinta ya yi baƙi kamar an kai shi wuta. Ta tsaya riƙe da tsiron. Yanzu addu'a take Allah ya sa kuskuren nata ne.

Ta samu Farfesa a ofis ta ajiye masa kwalaben da tsiron. Ya duba lambobin, ya ɗaga tsiron a hasken taga.

"Kin maimaita?"

"Na maimaita, ranka ya daɗe."

"To. Kada ki riga malam masallaci. Enzayim ba ya faɗin abin da ke damun tsiro, cewa kawai yake ana shan wuya. Yana iya zama gishiri, yana iya zama takin da ya yi yawa. Sai mun aika ruwan an tantance, kuma hakan zai ɗauki lokaci. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ke saman rafin naku? Akwai masana'anta?"

"Babu masana'anta. Sai wasu masu narka baturan mota a bayan gada."

Farfesa ya cire tabarau ya ajiye a hankali. "Ina kuke samun ruwan sha?"

"Rijiya ce a gida, amma dab da rafin take."

"Akwai yara a gidan?"

Ta ce, "'Yata. Kuma ba ta da lafiya. Ciwon ciki, ba ta cin abinci."

Mutumin da ba ta taɓa ganin ya yi sauri ba ya miƙe tsaye har kujera ta bugi bango. Ya ce, "Abin da ke cikin batur dalma ce, kuma dalma ta fi yi wa yara illa. Ajiye rigar aikin nan. Je ki ɗauko ta yau, ki kai ta asibiti a auna jininta. Ni zan ji da maganar ruwan."

Ba ta san yadda ta sauko daga benen ba. A bakin titi ta kira Inna a waya. "Inna, don Allah kada ku ƙara shan ruwan rijiyar nan. Kada yarinyar nan ta je rafi. Ga ni nan tafe."

Inna ta yi dariya. "Yau kuma ruwa ne abin tsoron? Ruwan da ya raine ki? To Allah ya kawo ki lafiya."

Ta kira mijinta, wayarsa ba ta shiga. Ta shiga motar haya ta zauna a takure. Duk tsayawar da direba ya yi don ɗaukar fasinja ji take kamar ta fita ta ƙarasa da ƙafa. Ta yi ta tuno abubuwa. Yadda yarinyar ke wasa da laka a bakin rafi tana sa yatsu a baki. Yadda ita da hannunta ta ɗebo ruwan rijiyar ta ba ta maganin tsutsa da shi. Wata fasinja da ke gefenta ta ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Ta ce lafiya lau.

Ta iso da la'asar. Abin da ta fara gani a tsakar gida shi ne 'Yar Kaka zaune a gindin randa da moɗa a baki. Ta yi wani ihu ta fizge moɗar ta yi jifa da ita. Yarinyar ta firgita ta fashe da kuka, kaji suka watse. Inna ta fito daga ɗaki da salati, Yaya ya shigo daga gona da fartanya a kafaɗa.

Ta yi musu bayani a tsaye, 'yar na saɓe a kafaɗarta. Yaya ya saurara har ta gama, fuskarsa na ƙara haɗewa.

"Yanzu ke," ya ce, "don ruwan ganye ya sauya launi a kwalba shi ne za ki zo ki tayar mana da gari? Kin san abin da zai faru in maganar nan ta fita? Wa zai ƙara taɓa shinkafarmu? Ba tamu kaɗai ba, ta duk wanda ke bakin rafin nan."

"Yaya, ka dubi yarinyar nan."

"Tsutsa ce! Ke tun kina ƙarama igiya maciji ce a wurinki."

"In igiya ce na yarda a yi min dariya har in mutu. Amma sai an duba."

Ba ta taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ba ta kuma sauke yarinyar ba. Inna ta dube ta, ta dubi jikarta da ta lafe kamar tsumma, sai dariyar ta bar fuskarta. Ta shiga ɗaki ta ɗauro kayan yarinyar ta fito da mayafinta. "Mu je," ta ce. "Ni ma a auna nawa, in ji abin da za a ce."

Washegari da safe aka ɗebi jinin su biyun a babban asibiti, aka ce sai an aika wani wuri, za a neme su. Jiran nan shi ne abin da Mai Turmi ba ta son tunawa. Takan zauna ta zuba wa 'yar ido tana neman alamu. In yarinyar ta yi shiru, gabanta ya faɗi. In ta yi tuntuɓe, gabanta ya faɗi. Ta kira ta daga bayanta a hankali don ta ji ko kunnen na nan. Ta yi kuskuren bincika illar dalma a wayarta, ta ga abin da ya hana ta cin abinci, ta kife wayar, can kuma ta sake ɗauka. Mijinta ya samu saƙonta ya baro motar a hannun abokin aikinsa ya dawo. Shi da ya saba shigowa da barkwanci, wannan karon zama ya yi a bakin gado ya riƙe ƙafar 'yarsa.

Sakamakon ruwa ya riga na jini fitowa. Farfesa da kansa ya kira ta, bai yi kwana-kwana ba. Ya aika an ɗebo har na rijiyar an auna: dalma ce, a rafin da kuma rijiyar, kuma ba kaɗan ba. Ya ce ya riga ya sanar da hukumar lafiya. Ta yi godiya, ta ajiye wayar, ta shiga banɗaki ta yi amai.

Ranar da aka kira su asibiti, likitar, wata mata mai sanyin murya, ta sa su zauna kafin ta fara. Mai Turmi ta kama hannun kujera.

"Akwai dalma a jininta, kuma ta yi yawa," in ji likita. "Amma ba ta kai inda muke jin tsoron farfaɗiya ko suma ba. Kun kawo ta da sauran dama. Za mu kwantar da ita mu fara ba ta maganin da ke jawo dalmar ya fitar da ita ta fitsari. Ita ma Inna akwai a nata, sai dai jikin babba ya fi jurewa."

"Likita, ƙwaƙwalwarta fa?" Tambayar da ta kwana da ita ta tashi da ita ke nan.

Likitar ta ce, "Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba. Wasu yaran sukan warware sarai. Wasu yakan bar musu nauyin karatu ko saurin mantuwa. Sai tana girma za mu gani. Abin da ke hannunmu shi ne kada ta ƙara komawa wurin."

Aka kwantar da 'Yar Kaka. Maganin na da wari, tana sha tana kuka, Inna na lallashi tana kuka ita ma. Tsohuwar ta yi ta cewa, "Ni na ba ta ruwan nan da hannuna." Mai Turmi ta ce, "Inna, ni ma na ba ta. Wa ya sani?" Ba a jima ba gadajen da ke kusa da nasu suka fara cika da fuskokin da ta sani, domin ma'aikatan lafiya sun je ƙauyen sun auna yara. Wasu nasu ya fi na 'yarta muni. Akwai ɗan maƙwabciyarsu da aka kawo yana sanƙarewa. Ya rayu, amma har aka sallame shi bai dawo da magana ba. Samarin da ke aiki a rumfar baturan ma an samu dalma da yawa a jininsu.

Hukuma ta rufe rumfar, ta toshe rijiyoyin bakin rafi, aka fara kawo ruwa a tanka. Aka hana shuka abin ci a gonakin har sai an kwashe ƙasar sama. Abin da Yaya ya ji tsoro ya faru, shinkafar da ke rumbunsa ba ta fita ba. Ya koma aikin lebura a wurin masu gini, ya kuma daina ɗaukar wayar ƙanwarsa. A ƙauyen wasu na sa mata albarka, wasu na cewa ita ta jawo musu. Tana jin labarin duka ta bakin Inna, wadda ta tare a wurinsu a birni tana ƙorafin hayaniyar motoci. Sai da aka auna 'ya'yan Yaya aka samu ƙaramin cikinsu na buƙatar magani, sannan wata rana ya zo asibitin. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ya mai jiki?" Ta ce da sauƙi. Ya ce, "Wane ɗaki ake karɓar maganin?" Ta tashi ta raka shi.

Dalmar ta yi ta raguwa a jinin 'Yar Kaka a hankali, ana aunawa ana sakewa. Kumatunta suka dawo, ta fara cin abinci har tana neman ƙari. Mai Turmi ta koma bakin aikinta. Da shekara ta zagayo suka sa yarinyar a makarantar da ke bayan layinsu.

Maganar likita dai ba ta bar kunnen uwar ba. Wata rana ta je ɗaukar ta, ta gan ta ta fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ta tambaye ta ina ɗayan, yarinyar ta ce ta manta. Nan take Mai Turmi ta kama hannunta. Ta ja ta suka koma ajin, ta samu malamar na share allo.

"Malama, don Allah ki gaya min gaskiya. Tana yawan mantuwa? Tana gane abin da ake koya musu?"

Malamar ta dube ta da mamaki, sannan ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Cike yake da takalma warin ƙafa, da huluna, da gorunan ruwa, har da wandon wani.

"Maman yarinya, duba ki ga naku a ciki. Duk na 'yan ajin nan ne, na wannan makon kawai. 'Yarki ba ta fi kowa ba, ba ta kuma gaza kowa ba. Surutu ne dai ya yi mata yawa."

Mai Turmi ta tsuguna tana tona kwalin, hawaye na ɗiga a kan takalman 'ya'yan mutane. 'Yar Kaka ta leƙo ta kafaɗarta ta nuna da yatsa. "Ga shi can, Umma, mai ja ɗin." Ta zaro shi ta sa mata, ta ɗaure igiyar, suka yi wa malama sallama suka kama hanyar gida.